Feda Mai Kama Takalmi: Ta Dace Da Hawan Keke A Cikin Gari?

A dogon hutun da ya wuce, wana ya sayo wani keken tsere na gwanjo, irin waɗanda a ke shigo da su daga ƙasashen Turai. Keken ba shi da nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya sai ka ɗaga shi sama. Tayoyinsa sirara ne, kansa kuma a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Amma abin da ya ɗaure mana kai duka shi ne fedarsa. Ba ta da roba, ba ta da faɗi, wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne wanda bai fi kwalin ashana ba. Da muka kai wa mai gyaran keke na bakin layinmu, ya jujjuya ta, ya ce, "Samari, ai wannan feda ta mutu, ƙashinta ne ya rage. Ku kawo kuɗi in sa muku sabuwa." Sai da malaminmu na wasanni ya gan ta, sa'an nan ya ce mana lafiyarta lau. An ƙera ta ne don ta kama takalmin mahayi, kuma tana da nata takalmi na musamman.

Yaya bai huta ba sai da ya tono irin takalmin a wurin masu gwanjo. Ranar da ya fara shiga gari da shi, ya iso wata mararraba kusa da kasuwa, sai mai A Daidaita Sahu da ke gabansa ya taka birki ba zato don ya ɗauki fasinja. Yaya ya kama nasa birki, keke ya tsaya cak. Ya zo zai sa ƙafa ƙasa, ƙafa ta ƙi fita. Haka ya tafi a hankali kamar an sare bishiya, ya faɗi ta hagu, keke na manne da shi. Wata mota ta wuce, tsakanin tayarta da kansa bai fi taƙi biyu ba. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya a targaɗen wuyan hannu, amma mako uku bai iya riƙe alƙalami ba.

Wannan shi ya sa na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin wannan feda, tun da irin waɗannan kekuna sai ƙara shigowa su ke yi, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Asalinta

Duk wanda ya san hawan doki ya san amfanin likkafa. Ita ke riƙe ƙafar mahayi kada ta zame sa'ad da doki ke sukuwa. Ya kuma san haɗarinta, domin in mutum ya faɗo ƙafarsa na cikin likkafa, doki ya kan ja shi a ƙasa. To, masu tseren dokin ƙarfe su ma sun daɗe da neman tasu likkafar. Tun cikin shekarun 1890 su ke maƙala wani ɗan keji na ƙarfe a gaban feda, su cusa yatsun ƙafa a ciki, su ɗaure da maɗaurin fata. Wannan ya kan riƙe ƙafa sosai, amma kafin mutum ya tsaya sai ya sunkuya ya sassauta maɗaurin da hannu. Da aka ƙera fedar da mu ke magana a kanta, sai ta kawar da kejin nan, saboda haka Turawa suka ba ta wani suna mai ma'anar "marar keji". Sunan ya kan rikita mutane, su zaci ba ta kama komai, alhali kuwa ta fi kejin kamu.

Wani Ba'amurke mai suna Charles Hanson ya yi rajistar irin wannan dabara tun a 1895, amma ba ta sami karɓuwa ba. A 1971 kamfanin Cinelli na Italiya ya fito da tasa, mai lamba M71. Ita kuwa sai an miƙa hannu an ja wani ɗan ƙarfe kafin ta saki ƙafa, saboda haka amfaninta ya fi yawa a filin tsere inda babu mota, babu mai tafiya a ƙasa. Wanda ya warware matsalar shi ne kamfanin Look na garin Nevers a Faransa. Asalin sana'arsa ƙera abin da ke kama takalmin masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, watau abin da zai riƙe takalmi gam, amma ya sake shi in ƙafa ta murɗe. A 1984 ya ɗauko wannan dabara ya sa wa fedar keke. Shekara ɗaya bayan haka, a 1985, Bafaranshen nan Bernard Hinault ya ci babban tseren Tour de France da ita, cinsa na biyar ke nan. Daga nan sauran 'yan tsere suka bi sahu, cikin 'yan shekaru keji da maɗauri suka zama tsohon yayi. A 1990 kuma kamfanin Shimano na Japan ya fito da wani iri da a ke kira SPD, domin masu hawan keke a daji da kan duwatsu, waɗanda su kan sauka su taka ƙasa. Irinta ce ke jikin keken wana.

Yadda ta ke aiki

Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Akwai ita fedar, wadda ke da baki mai sifirin kamar tarkon ɓera. Akwai takalmi mai taurin tafi, wanda aka huda ƙasansa. Sa'an nan akwai wani ɗan abu da a ke ɗaurewa a tafin takalmin da sukurori, bari mu kira shi maƙali. Mahayi zai sa gaban maƙalin a bakin feda, ya danna da ƙarfi, sai ya ji "ƙas", to ta kama ke nan. Daga nan ko ya ja ƙafarsa sama, ko gaba, ko baya, ba za ta sake shi ba. Hanyar fita ita ce ya murɗa dunduniyarsa waje, nesa da jikin keke, sai bakin ya buɗe. A nan haɗarin ya ke. Mutumin da ya shekara goma yana hawan keke, in zai tsaya ƙafarsa da kanta ta ke ɗagowa sama ta sauka ƙasa, ba ya ko tunani. A kan wannan feda kuwa, ɗagowa saman nan ita ce abin da ba ya aiki.

A jikin fedar akwai wani ɗan sukuru mai alamar tarawa da ta ɗebewa. Shi ke ƙara wa sifirin ƙarfi ko ya rage. A kan yawancin fedojin SPD a na juya shi da ɗan sifanan nan mai kusurwa shida mai kama da harafin L, na milimita 3. Haka kuma a kan bar wa ƙafa ɗan wasa, ta iya karkata hagu da dama kaɗan ba tare da ta fita ba, domin in aka daskarar da ƙafa wuri ɗaya gwiwa ce ke shan wahala. Alal misali, a maƙalan Shimano na tseren kwalta, mai launin rawaya yana ba ƙafa wasan digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa ba ya ba da ko kaɗan.

Iri biyu ne manya. Na farko na 'yan tseren kwalta ne. Maƙalinsa babba ne, na roba mai tauri, mai kusurwa uku, a na ɗaure shi da sukurori uku, kuma ya kan turo waje daga tafin takalmi. Wanda ya sa shi in ya sauka daga keke sai ya riƙa tafiya kamar agwagwa, a kan siminti mai santsi kuwa sai ya yi da gaske. Na biyu shi ne irin na SPD. Maƙalinsa ƙarami ne, na ƙarfe, mai sukurori biyu, yana ɓoye cikin wani rami a tafin takalmi, saboda haka a na iya tafiya da shi, sai dai ɗan ƙara a kan tsakuwa. Yawancin fedojin wannan iri ta fuska biyu su ke kamawa, ba sai ka juya su ba.

Amfaninta

Ba banza 'yan tsere suka rungume ta ba. Ɗan tsere ya kan juya feda kamar sau 90 a minti ɗaya, wani lokaci fiye. A irin wannan sauri, in ƙafa ta zame, ba ƙaramin haɗari ba ne, balle ga mutane fiye da ɗari sun cure wuri guda suna gudu. Haka nan in zai hau tudu ya miƙe tsaye a kan feda, ko in ruwa ya sauko komai ya yi santsi, ƙafarsa na nan inda ya sa ta. Taurin tafin takalmin kuma ya kan raba nauyi ga dukan ƙafa, don haka ba ta yin zafi ko da an yi tafiyar kilomita 150 ko 200 a yini, kamar yadda a ke yi a Tour de France har kusan mako uku.

Akwai wata magana da masu sayarwa su kan yi, wai da ita ƙarfinka zai ninka, domin ƙafa ɗaya na dannawa ɗaya na jawowa sama. Masana sun auna wannan. A 2008 Guillaume Mornieux da abokan aikinsa suka gwada mahaya a kan feda mai kamu da marar kamu, suka ga a tafiya ta tsaka-tsaki babu wani bambanci a ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Da suka ce wa mahayan su riƙa jan feda sama da gangan, sai jikinsu ya ƙara wahala a kan aiki iri ɗaya. A 2016 kuma Asher Straw da Rodger Kram na Jami'ar Colorado a Amurka suka auna iskar da mahaya ke shaƙa, suka tarar wanda ya sa takalmin guje-guje a kan feda mai faɗi bai fi mai takalmin tsere gajiya ba. Inda bambanci ke fitowa fili shi ne wurin fizga, watau sa'ad da mutum ya zuba dukan ƙarfinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi don ya tsere wa abokan takara. To, mu tambayi kanmu, sau nawa ɗalibi mai zuwa makaranta ke bukatar irin wannan fizga?

Cikin gari fa?

Bayan faɗuwar Yaya na yi wani ɗan gwaji. Daga gidanmu zuwa makaranta kilomita huɗu ne. Wata ranar Litinin na ƙirga sau nawa na sa ƙafa ƙasa a kan hanya, na sami sau 17. Biyar daga ciki na san da zuwansu tun daga nesa, watau danja biyu, shataletale, da mararraba biyu. Sauran 12 kuwa ba su yi mini sallama ba. Akwai akuyar da ta tsallaka, da yaron da ya biyo ƙwallo, da mai ruwa da ya juyo da kurarsa, da mai mota da ya buɗe ƙofa bai waiga ba, da yashin gefen titi da ya riƙe mini taya. Mai feda mai kama takalmi yana iya shirya wa biyar ɗin farko. Sauran kuwa dole ƙafarsa ta riga tunaninsa murɗawa, in ba haka ba yana ƙasa.

Abin lura kuma, wannan faɗuwa ba a cikin gudu ta ke zuwa ba, sai keke ya tsaya. Mutum ya kan faɗi ta gefe, ya tare da hannu, shi ya sa wuyan hannu da gwiwar hannu da kwankwaso su ne ke jin jiki. Tun 1972 a hannun dama mu ke tuƙi a Nijeriya, mai keke na bin gefen dama, motoci na wuce shi ta hagu. Wanda ya faɗi ta hagu ya faɗa gaban mota ke nan, wanda ya faɗi ta dama kuma sau da yawa kwata ce ke jiransa.

Ban da haɗari akwai ɗawainiya. Dokar makaranta ta faɗi irin takalmin da za mu sa, saboda haka mai wannan feda sai ya riƙa yawo da takalmi biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a jaka. Mu kuma mutane ne masu yawan tuɓe takalmi, a ƙofar masallaci, a zauren mutane, a gaban manya. Silifa ko fade nan da nan a ke zare su, wannan kuwa sai an zauna an kwance. Da damina taɓo ya kan cika ramin maƙali har ya ƙi shiga, da hunturu ƙura ta kan busar da bakin fedar ya yi tauri. Maƙalin ya kan cinye, ba kuwa a samunsa wurin mai gyaran keke na unguwa. Sa'an nan fedar gargajiya tana da ɗan gilashi ruwan ɗorawa gaba da baya, mai ƙyalli in fitilar mota ta haske shi, kuma da ya ke yana hawa da sauka direba na saurin gane mai keke ne a gabansa. Yawancin fedoji masu kama takalmi ba su da shi, ga kuwa titunanmu da yawa ba fitila.

Wani abin da Babanmu ya fara hangowa shi ne, keke a gidajenmu na kowa ne. Da safe wa ya hau, da rana a aiki ƙane niƙa, da yamma baƙo ya ara. Ya ce wa Yaya, "Kai, keken da sai da takalminka a ke hawansa, ai ka raba shi da gidan nan ke nan."

Kada a ce wannan ra'ayin wanda bai waye ba ne. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa. A Amsterdam, da Kopenhagen ta Danmak, dubban mutane ke zuwa ofis da makaranta da kasuwa a kan keke kowace rana, cikin ruwa da sanyi, kuma kusan dukansu a kan feda mai faɗi su ke, da takalmansu na yau da kullum. In ɗayansu zai fita motsa jiki ranar hutu, sa'an nan ya ke ɗauko keken tsere da takalminsa.

Ga wanda ya nace

Akwai wanda gidansu ke nesa, hanyarsa doguwa ce marar cunkoso, ko kuwa yana sha'awar shiga tsere. Irin wannan ba laifi ya koya, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Da fari ya zaɓi iri mai sukurori biyu, ya bar na 'yan tseren kwalta. In da hali ya nemi feda mai fuska biyu daban, ɗaya mai kamu ɗaya mai faɗi, kamar PD-M324 ta Shimano, yadda in ya shigo cunkoso sai ya juya ta ya taka fuskar da ba ta kamu, kuma kowa a gida na iya hawa da silifa. Akwai kuma maƙali mai lamba SH56, wanda aka buga wa harafin M, shi yana sakin ƙafa ta fuskoki da dama, har da in aka fizge dunduniya sama a karkace. Ya fi dacewa da mai koyo bisa ga SH51, wanda sai an murɗa gefe kawai.

Sa'an nan ya sassauta sifirin har ƙarshe. Ya daidaita maƙali a ƙarƙashin tudun nan na gindin babban yatsa, ko baya da shi kaɗan, ya bar ƙafa ta zauna yadda ta saba, domin in ya karkatar da ita gwiwa za ta gaya masa cikin 'yan kwanaki. Ya ɗaure sukurorin tam, ya riƙa duba su. In ɗaya ya kwance, takalmi zai juya amma maƙali na nan cikin feda, ƙafa ba za ta fita ba ko ya murɗa iyakar ƙarfinsa.

Koyon kansa daga jikin bango a ke farawa. Ya hau keke ya dafa bango, ya shigar ya fitar, ya shigar ya fitar, kowace ƙafa sau hamsin ko fiye. Daga nan sai filin ƙwallo, inda ko ya faɗi ƙasa ce mai laushi. Ya sa wani ya riƙa daka masa tsawa ba zato, shi kuma ya tsaya nan take. Sai ya yi mako biyu ko uku a haka kafin ya doshi titi. A kan titi kuma ya riƙe ƙa'ida uku: ya fitar da ƙafa tun yana nesa da wurin tsayawa, ya karkata jikinsa wajen ƙafar da ya fitar, ya kuma saba da fitar da ta dama don ya nisanci motoci. In zai tashi, kada ya sunkuyar da kai yana neman bakin feda a tsakiyar mararraba. Ya taka haka nan ya wuce, ya kama daga baya.

Ga iyayenmu

In za a saya wa yaro keken gwanjo, a duba feda kamar yadda a ke duba birki da taya. In an ga ɗan dunƙulen ƙarfen nan, kada a bar yaro ya hau da silifa ko takalmin makaranta, domin babu wurin da ƙafa za ta zauna, za ta zame fedar ta daki ƙwauri, ko yaron ya kife. A sa mai gyara ya canja ta da mai faɗi, mai haƙora, mai gilashin ƙyalli. Aikin minti biyar ne da sifana mai lamba 15. Sai dai a tuna fedar hagu a bai-bai a ke ɗaure ta. Ta dama a na ɗaure ta yadda hannun agogo ke juyawa, ta hagu kuwa akasin haka, don kada ta kwance da kanta cikin tafiya. A gindin kowace akwai harafi, R ta dama, L ta hagu, wanda ya musanya su ya tilasta zai cinye zaren ramin. A kuma tafi da tsohuwar wurin saye a gwada kauri, domin na manyan kekuna inci 9/16 ne, na kekunan yara da yawa kuwa rabin inci. Tsohuwar a adana ta, tana da daraja wurin masu tsere. Kuɗin da za a kashe a kan takalmi na musamman, in aka sa shi a birki mai kyau, da fitila gaba da baya, da ƙararrawa, da hular kwano, ya fi tsare ran yaro.

Shi Yaya, da hannunsa ya warke, ya koma wurin mai gyaran nan da muka yi wa dariya, aka sa masa feda mai faɗi. Mutumin ya ce, "Samari, ai na gaya muku tun farko." Da ita ya ke shiga gari yanzu, ni ma ina samun aro. Ranar Asabar da asuba ya kan ɗauko sifana ya mayar da mai kamun, ya sa takalminsa, ya nufi bayan gari inda hanya ta miƙe ba kowa. In ya dawo, kafin ya karya kumallo, Baba ya kan tsaya a kansa sai ya ga an cire ta.

Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya kai mu gida lafiya, amin.